Yadda Ake Tara Tsofaffin Tangaran na Ƙasar Holan Masu Zanen Hannu

Fiye da shekara ɗari huɗu ke nan mutanen Holan suna gina kayan yumɓu masu shafen gilashi, tun daga faranti da kwano da tulun furanni har zuwa tayil ɗin bango, kuma a yau akwai masu tara waɗannan kaya a ƙasashe da dama. Shafen da ake magana a kansa wani haɗin ruwa ne da ake tsoma kayan a ciki, idan ya sha wuta sai ya narke ya zama gilashi a jikinsu. Waɗanda suka fi suna su ne masu launin fari da shuɗi na birnin Delft, sai dai sunan da suka yi shi ne ya jawo kasuwa ta cika da kwaikwayo, domin babu dokar da ta hana kowace masana'anta, ko a wace ƙasa take, rubuta sunan Delft a gindin kayanta. Saboda haka tsarin da za a bi a nan shi ne a fara tambayar jikin kaya, a bi da zanensa, tambari kuma ya zo daga ƙarshe. Yawancin masu farawa da tambari suke somawa, kuma ta nan ake cin kuɗinsu.

Mataki na farko: ka san iyalan kayan, ka zaɓi guda

Sana'ar ta shigo ne daga Italiya ta hanyar birnin Antwerp, inda maginan Italiya suka zauna a farkon ƙarni na 16. Bayan da sojojin Sifaniya suka ci birnin a 1585, da yawa daga cikin masu sana'ar suka yi hijira zuwa arewa. A 1602 aka kafa kamfanin cinikin gabas na Holan, wato VOC, ya shiga jigilar tangaran ɗin ƙasar Sin mai fari da shuɗi, jama'a kuwa suka raja'a a kansa. Da yaƙin basasa ya rikita ƙasar Sin a shekarun 1640, kayan suka yanke, sai maginan Delft suka cike gurbin da nasu. Ba su da irin farar ƙasar da Sinawa ke amfani da ita, don haka suka riƙa lulluɓe yumɓu mai launin ƙasa da farin shafe wanda aka haɗa da kuza da dalma, su yi zane a kansa. A lokacin da sana'ar ta kai ƙololuwa, masana'antun da ke Delft sun haura talatin, wasunsu ma a cikin tsofaffin gidajen yin giya da suka mutu aka kafa su. Wannan shi ne iyali na farko, tsohon Delft na ƙarni na 17 da na 18, kuma shi ya fi tsada, shi aka fi yi wa jabu.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 18, kayan Ingila masu ƙwari da araha, irin na Wedgwood, suka karya kasuwar, masana'antun suka yi ta rufewa har ya rage saura guda, De Porceleyne Fles, wadda aka kafa a 1653. Wani injiniya mai suna Joost Thooft ya saye ta a 1876, ya farfaɗo da zanen hannu, amma ya sauya hanyar aiki: ya koma amfani da yumɓu mai fita fari bayan gashi, a yi zane a kansa kai tsaye, sannan a rufe da shafe garai-garai wanda ake hango abin da ke ƙarƙashinsa. Wannan iyali na biyu ne, kuma bambancinsa da na farko zai yi maka amfani ƙwarai a mataki na uku. A Makkum da ke lardin Friesland kuwa, masana'antar Tichelaar, wadda tarihinta ya koma ƙarni na 16, ta ci gaba da tsohuwar hanyar shafen kuza.

Iyali na uku ba ruwansa da fari da shuɗi. Daga shekarun 1880 zuwa na 1930 an yi yayin kayan ado masu launuka da yawa, waɗanda mutanen Holan ke kira plateel. Rozenburg ta birnin Hague, wadda ta fara aiki a 1883, ta yi suna da wani tangaran siriri kamar ɓawon ƙwai da ta nuna a bajekolin duniya na Faris a 1900. A birnin Gouda, masana'antar Zuid-Holland ta yi aiki daga 1898 zuwa 1964, tare da maƙwabtanta Regina da Zenith da Ivora da Goedewaagen, kuma su ne suka yaɗa shafe marar ƙyalli mai baƙi da ruwan goro da kore da shuɗi, wanda da ganinsa an san na Gouda ne. A Arnhem akwai masana'antar Ram da aka kafa a 1921 don fitar da zanen T.A.C. Colenbrander. Na huɗu shi ne tayil, wanda galibinsa ba a Delft aka yi ba, a Rotterdam da Amsterdam da Utrecht da Harlingen da Makkum aka yi shi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki ɗaya daga cikin biyu: kayan Gouda na shekarun 1920, ko tayil na ƙarni na 18. Dukansu suna da yawa a kasuwa, tayil na gama-gari ba ya wuce 'yan gomman Yuro, kuma idan mutum ya yi kuskure asarar ba ta karya shi. Ka ƙara ƙuntata zaɓin ma, ka ce tayil masu jiragen ruwa kawai, ko aikin masana'anta ɗaya kawai, domin wanda ya ga abu iri ɗaya sau da yawa shi ke saurin gane baƙo a cikinsu. A lura cewa akwai tayil da yawa masu ɗauke da labaran littafin Baibul, har da zanen annabawa, don haka wanda ba ya son irin wannan a gidansa sai ya tambayi abin da zanen ke nufi kafin ya saya, ko ya tsaya a kan furanni da tsuntsaye da jirage.

Mataki na biyu: ka horar da ido, ka tanadi kayan dubawa

Kafin ka fitar da ko sisi, ka ɗauki lokaci kana kallon kayan da babu shakka a kansu. Gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam ya saka hotunan kayansa a intanet, ana iya ƙara girmansu har a ga sawun burushi. Wanda ya samu zuwa ƙasar sai ya ƙara da Kunstmuseum a Hague, da Prinsenhof a Delft, da Princessehof a Leeuwarden, da gidan tarihin Gouda, da gidan tarihin tayil na ƙauyen Otterlo. Kayan dubawa ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, ƙaramar tocila, fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗin jabu da ita, tef ɗin awo, da littafin rubutu.

Mataki na uku: ka duba jikin kayan

Ka ɗauki kayan da hannu biyu, kada ka kama shi ta mariƙi ko ta baki, ka juya shi a kan shimfiɗa mai taushi. Abu na farko da za ka nema shi ne wurin da yumɓun ya fito fili, wato zoben gindi ko inda baki ya ɗan ɓantare. Idan tsohon Delft ne, ko na Makkum, za ka ga yumɓu mai launin ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya, farin shafen kuma yana zaune a kansa da kaurinsa kamar fata daban. Idan ka ga yumɓun fari ne fat har ciki, to kayan ba na ƙarni na 17 ko na 18 ba ne, ko da wane irin tambari yake ɗauke da shi, domin wannan farin jiki na zamanin Thooft ne zuwa gaba. Wannan gwaji ɗaya ya isa ya kore rabin ƙaryar da ake yi a kasuwa.

Sai ka haska tocila ta bayansa. Tangaran ɗin Sin na ainihi haske yana ratsa shi, kayan Delft kuwa ba ya ratsa su. Ka ɗan ƙwanƙwasa bakin da farce: tsohon Delft ba ya ƙara mai tsawo irin ta tangaran ɗin Sin, amma duk da haka lafiyayye yana da amo, wanda ya tsage kuma sai ka ji sautin ya mutu nan take. A hannu ma tsohon Delft yakan fi sauƙi fiye da yadda girmansa ya nuna, saboda a zafin da bai wuce kimanin digiri 1,000 ba aka gasa shi, yumɓun bai haɗe ya yi tauri sosai ba.

Matoya tana barin shaidarta. A ƙarni na 17 da na 18 akan jera farantai a cikin wani akwatin yumɓu, kowane faranti yana zaune a kan turaku uku, saboda haka a bayan faranti, kusa da baki, za ka ga tabo uku inda shafen ya ɗan karce. Farantan da suka girme waɗannan, waɗanda ake kira majolika, tabonsu uku a fuskar faranti suke, bayansu kuma ba fari ba ne, shafen dalma ne kawai mai barin launin yumɓu ya bayyana. Ƙananan ramuka kamar na allura a cikin shafe, da wurin da shafen ya taru ya yi kauri, da ɗan karkacewar faranti idan an aza shi a kan teburi, duk alamun aikin hannu ne, ba aibi ba ne.

Tayil yana da nasa ma'auni. Faɗinsa kusan santimita 13 ne kowane gefe, kuma kaurinsa yana faɗin shekarunsa: na farkon ƙarni na 17 yakan kai santimita ɗaya da rabi, yumɓunsa ja-ja, na ƙarni na 18 kuwa ya sirance zuwa milimita bakwai ko takwas, yumɓunsa ya koma rawaya-rawaya. Ka duba kusurwoyin fuskarsa da gilashin ƙara girma, sau da yawa za ka tarar da ƙananan huji a biyu daga cikinsu, sawun ƙusoshin allon da ake dannawa a kan ɗanyen yumɓu don a yanka shi daidai. Gefensa yakan ɗan shige ciki ta baya, bayan kuma yakan riƙe ragowar farar ƙasar da aka manna shi da ita a bango. Tayil ɗin da bayansa ke da layuka ko ramuka masu tsari, na inji ne.

Mataki na huɗu: ka karanta zanen

A nan ne ake raba aikin hannu da bugun inji, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Mai zanen tsohon Delft a kan ɗanyen shafe yake aiki, wanda ke shanye ruwa nan da nan, don haka ba shi da damar gogewa ko gyarawa. Yakan aza takarda mai huji-huji a kan kayan, ya buga mata ƙullin garin gawayi, ɗigon gawayin ya nuna masa hanya, sannan ya bi da siririn burushi ya ja layukan waje, ya cike ciki da mai faɗi. Shuɗin daga sinadarin kobal yake, shunayya daga manganis. Idan ka sa gilashi za ka ga layi ya fara da kauri ya ƙare da siranta, launi ya taru a inda burushi ya tsaya, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, kuma launin ya nutse cikin shafen ya ɗan bazu a gefe. Bugun inji kuwa layinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, inuwarsa ɗigo-ɗigo ce masu tsari, kuma a jikin tulu akan ga inda bakin takardar bugun ya haɗu, zanen ya ɗan goce ko ya hau kan juna.

Idan mai sayarwa yana da guda biyu masu zane iri ɗaya, ka jera su ka gwada. Na hannu ba sa taɓa zama daidai: ganye zai fi ganye tsawo, tsuntsu zai fi tsuntsu karkata. In kuwa kowane ɗigo ya faɗa wuri ɗaya a dukansu, inji ne ya yi. Akwai kuma na tsaka-tsaki, wanda aka buga layukan da inji sannan aka cike launi da hannu, kuma irinsa ne aka fi rubuta wa cewa zanen hannu ne a gindi. Rubutun bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma darajarsa ba ta kusa da ta wanda aka zana tun daga farko.

Abin da aka zana ma yana magana. Tsohon Delft ya fi yawan furanni da tsuntsaye da lambuna irin na Sin, da filayen karkara, da jirage. Faranti mai ɗauke da injin niƙa mai aiki da iska a tsakiya, da yaro da yarinya cikin takalman katako, kusan kullum tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce ta ƙarni na 20. A tayil kuma ka koyi adon kusurwa, musamman wanda ake kira kan bijimi da wanda ake kira gizo-gizo, domin suna taimakawa wajen sanin zamani.

Kayan Gouda da hannu ake cike launukansu, kuma a na shekarun 1910 da 1920 za ka ji kaurin fentin da yatsa, ka ga ɗige-ɗigen da aka jera ɗaya bayan ɗaya a gefen zane. Bayan dogon yajin aikin da ma'aikatan Gouda suka yi a 1928, da karyewar tattalin arzikin duniya da ta biyo baya, masana'antun suka koma zane mai sauƙi da fesa launi don rage kuɗin aiki. Wannan ne ya sa masu tarawa suka fi neman na kafin lokacin.

Mataki na biyar: yanzu ka duba tambari

Aikin tambari shi ne ya gaskata abin da jiki da zane suka riga suka faɗa. Idan ya saɓa musu, shi ne maƙaryacin. Da yawa daga cikin tsohon Delft na ainihi ba su da tambari ko kaɗan, kuma wannan bai rage musu komai ba. Masu shi kuwa da burushi aka zana, yawanci haruffan sunan mai masana'anta ko alamar gidan: ƙararrawa uku ta De Drie Klokken, gatari na De Porceleyne Bijl, farcen tsuntsu na De Klaauw, haruffan LPK na De Lampetkan, ko AK na Adrianus Kocx na masana'antar De Grieksche A, wanda ya yi wa Sarauniya Mary ta Biyu ta Ingila kaya a ƙarshen ƙarni na 17. A 1764 hukumar birnin ta sa masana'antu su yi rajistar tamburansu. Sai dai waɗannan sanannun tambura su ne aka fi kwaikwaya a ƙarni na 19, a cikin Holan da wajenta, har da masana'antar Samson ta Faris, kuma kwaikwayon nan yanzu ya haura shekara ɗari, ya tsufa, ya ɓantare, yana iya ruɗin wanda ya dogara da tsufa kaɗai.

Ka riƙe ƙa'idoji biyu. Sunan Delft a rubuce a gindi ba al'adar ƙarni na 17 da na 18 ba ce, don haka ganinsa yana nuna ƙarshen ƙarni na 19 zuwa gaba. Sunan ƙasa kuma ya yaɗu ne bayan dokar harajin Amurka da ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigarwa daga 1891, rubutun Made in Holland kuwa na ƙarni na 20 ne.

Tambarin De Porceleyne Fles ya fi kowanne sauƙin karantawa: hoton ƙaramar kwalba, haruffan J da T a haɗe, sunan Delft, sannan haruffan sunan mai zane a gefe ɗaya da alamar shekara a ɗaya gefen. Alamar shekarar ta fara da A a 1879, da haruffa suka ƙare aka koma bibbiyu, kuma akwai jadawalinsu a wallafe, don haka ana iya sanin shekarar da aka yi kaya daidai. Zuid-Holland tana zana ƙaramin gida, wanda ke wakiltar wata tsohuwar ƙofa ta birnin Gouda, tare da lambar siffar kaya da sunan zanen da alamar mai zane. Regina kambi ne da haruffan WB, Rozenburg shamuwa, wata masana'anta dabam ta Arnhem zakara, Ram rago. Tambarin da aka zana da hannu yana ƙarƙashin shafe, idan ka shafa ba ka jin tudunsa. Wanda aka ƙara daga baya a saman shafen yake zaune.

Kaya iri biyu suna yawan shiga hannun mai farawa, kuma gara ya san matsayinsu. Na farko kwanuka da farantan birnin Maastricht, na masana'antar Petrus Regout mai tambarin dodon Masar na Sphinx da na Société Céramique, waɗanda aka yi safararsu da yawa zuwa Asiya da ƙasashen Larabawa da Afirka. Na Holan ne, tsofaffi ne, amma kayan inji ne, ko da yake akwai masu manyan furanni da aka zana da burushi. Na biyu ƙananan gidajen nan masu fari da shuɗi da kamfanin jirgin sama na KLM, wanda a da ya daɗe yana sauka a Kano, yake bai wa fasinjojin babban aji tun shekarun 1950. Suna da masu tara su, sai dai zubin masana'anta ne, kuma galibinsu giya ce a ciki.

Mataki na shida: ka nemi lahani da gyara

Shafen kuza ba ya kama baki da kyau, don haka ɓantarewa 'yar kaɗan a gefen tsohon faranti abu ne da aka saba, har ma faranti mai shekara ɗari uku da bakinsa ya fito sumul ya cancanci a ƙara dubansa. Abin da ke karya daraja shi ne tsagewar da ta ratsa jiki, da ɓangaren da aka ƙera aka liƙa, da fentin da aka shafa don ɓoye gyara. Ka shiga wuri mai duhu ka haska fitilar duba kuɗi, domin sau da yawa gam da sabon fenti suna haskawa daban da sauran jikin. Ka bi baki da wuya da mariƙi da yatsa: wurin da aka gyara yakan fi ɗumi da laushi, kamar roba, alhali shafen ainihi sanyi ne da santsi. Tsohon gyara kuma yakan koma rawaya. Idan tulu ne mai murfi, ka tabbata zanen murfin da launinsa sun dace da na jikin, saboda haɗa murfin wani da tulun wani ya zama ruwan dare. A kayan Gouda ka leƙa ciki, ka duba ko ruwan furanni ya bar farin tabo ko ya sa shafen waje ya fara tashi.

Gyara ba ya hana saye, matuƙar an faɗa maka kuma farashin ya nuna haka.

Mataki na bakwai: saye

A cikin Holan, wuri mafi araha shi ne shagunan kayan kwance da ake kira kringloop, da kasuwar ranar bikin Sarki, 27 ga Afrilu, lokacin da kowa ke da izinin baza kayansa a bakin titi. Delft tana da kasuwar tsofaffin kaya a gefen magudanan ruwanta ranar Asabar a watannin zafinsu. Manyan dillalai suna unguwar Spiegelkwartier ta Amsterdam, mafi tsadar kaya kuma a bajekolin TEFAF na Maastricht ake ganinsu a watan Maris. Daga nesa kuwa sai ta intanet, a Marktplaats ko Catawiki ko eBay, ko shafukan gidajen gwanjo.

In ta intanet za ka saya, kada ka yarda da hoto ɗaya. Ka nemi na gaba da na baya da na gindi, da na kusa a kan zane da kowane lahani, da awo da nauyi, kuma ka yi tambaya a rubuce ko an taɓa gyara kayan, domin amsar ta zama hujja. A gwanjo ka karanta kalmomin bayani da kyau, saboda cewa kaya na salon ƙarni na 18 ne ba daidai yake da cewa a ƙarni na 18 aka yi shi ba. Ka lissafa la'adar gidan gwanjo, wadda kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashi ko fiye, da kuɗin aikawa da inshora da na kwastan, ka yanke iyakar abin da za ka biya tun kafin a fara, kada zafin tayi ya ɗebe ka. Farashin da za ka auna da shi shi ne wanda aka riga aka sayar da irin kayan, ba wanda wani ya rubuta yana jira ba. Daga dillali kuma ka karɓi rasit mai faɗin masana'anta da zamani da yanayin kayan. Kaya masu tsufa da tsada ƙwarai suna iya buƙatar takardar izinin fita daga Tarayyar Turai, dillalin kirki zai sanar da kai.

Ka gindaya wa mai aikawa sharaɗin kwali biyu, ƙarami a cikin babba da abin cushe a tsakaninsu, a naɗe murfi daban da tulu, a tsayar da farantai da tayil a kan gefensu da kwali tsakanin kowane biyu, kuma kada a manna salatif a jikin kayan. Idan ya iso, ka ɗauki bidiyo yayin buɗewa.

Mataki na takwas: tsafta da ajiya

Yumɓun waɗannan kaya yana shan ruwa ta kowace tsaga, don haka ba a jiƙa su, ba a sa musu bilic, ba a saka su a injin wanke-wanke. Busasshen burushi mai laushi ya isa ga ƙura. In datti ya kama, ka jiƙa auduga da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ka goge kaɗan-kaɗan, ka kauce wa wurin da aka gyara, sannan ka bar shi ya bushe sarai. Tayil ɗin da ya fito daga tsohon bango yakan ɗauke da gishiri a cikinsa, kuma idan ka ga farin gari yana fitowa ko shafe yana ɓarewa, aikin ƙwararren mai gyara ne. Haka idan abu ya fashe: ka tattara gutsattsarin, kowanne a takardarsa, kada ka sa gam mai kamawa nan take, domin masu gyara suna da nasu gam ɗin da ake iya warwarewa daga baya.

Kada a ci abinci a cikinsu. Tsohon shafe yana da dalma, kuma abu mai tsami kamar lemon tsami ko tsamiya ko nono yana narkar da ita ta shiga abincin. Tulun Gouda ma ba a zuba masa ruwa kai tsaye, sai dai a saka ƙaramar kwalba a ciki ta riƙe furannin.

Kabad mai ƙofar gilashi ya fi dacewa, musamman inda ƙurar hunturu ke da yawa, a ajiye shi nesa da taga, domin zafin rana yana lalata gam ɗin gyara yana kuma sauya launinsa. Ka guji maratayin faranti mai ƙarfe da sifirin, wanda ke matse baki har ya ɓantare shi, ka yi amfani da mazaunin katako ko na roba mai riƙe faranti ta ƙasa. Idan dole a jera farantai a kan juna, a sa ƙyalle mai taushi tsakaninsu. Tayil kuma a saka shi a firam da ake iya buɗewa, kada a manna shi da siminti.

Kowane kaya da ya shigo ka ba shi lamba a ƙaramar takarda, ka rubuta a littafinka ranar saye da wurin da farashi da awo da tambari da lahaninsa, ka haɗa da hotuna da rasit. Tsofaffin takardun da ka tarar a manne a gindinsa, na dillali ko na gwanjo, kada ka ɓare su, domin su ne ke nuna hannayen da ya bi, kuma mai saye na gaba zai tambaye su.